Mai Datsewa Ma Yana da Hisabi

Akwai wani zato da ya zauna daram a zukatan mutanenmu, malamai da masu mulki da magidanta, cewa wanda ya hana ya tsira. In aka kawo wa malami mas'ala mai sarƙaƙiya ya ce haramun ne, ba mai tuhumarsa, sai ma a ce mai tsantseni ne. In kuwa ya ce ya halatta bisa sharaɗi kaza da kaza, kafin a tashi daga zaure an fara raɗe-raɗin ko an saye shi. Ma'aikacin da ya ƙi sa hannu ba a cika kiransa gaban kwamiti ba. Ana ɗaukar hani tamkar zama ne a gefe: ba ka taɓa komai ba, don haka ba abin da za a tambaye ka gobe kiyama. Wannan zato a ganina kuskure ne, a addini da kuma a hankali. Hani aiki ne kamar kowane aiki, yana da kuɗin da ake biya, kuma sau da yawa ba mai hanin ne ke biya ba. Abu biyu ke nuna haka ƙarara, ko da yake ba a saba jera su wuri guda ba: madatsar ruwa ta Maga a Arewa Mai Nisa ta Kamaru, da wani siririn tantanin roba da ke cikin na'urorin da duniya ke fatan su adana mata wutar rana da ta iska.

A 1979 aka kammala madatsar Maga, jingar ƙasa mai tsawon kilomita 27 a yankin Mayo-Danay, domin kamfanin shinkafa na gwamnati, SEMRY, ya sami ruwan ban gonakinsa. Ta tare ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara ta Mayo Tsanaga da Mayo Bula, aka kuma ja wata jingar a gaɓar kogin Logon don kada ambaliyarsa ta shanye gonaki. Ba wanda zai zargi niyyar. Farin farkon shekarun 1970 bai daɗe da wucewa ba, mutane sun ga yunwa da idonsu. Tafki ya samu, shinkafa ta samu, har kifi ya samu a tafkin. To amma arewa da jingar akwai makekiyar fadamar da Fulani ke kira yayre, wadda rayuwarta duka ta rataya a kan ambaliyar shekara-shekara. Ruwa ya hau bayan damina ta yi nisa, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa, Kotoko da Musgum su tare shi a magudanan da suka haƙa lokacin da ruwan ke ja da baya, sa'an nan Fulani da Larabawan Shuwa su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, namun dajin Waza su ma su sami rabonsu. Da jinga ta haɗu da ƙarancin ruwan sama na shekarun 1980, wajen kashi ɗaya cikin uku na filin da ruwa ke rufewa ya bushe. Ciyayi masu saiwa da ke tofowa kowace shekara suka mutu, waɗanda ke bushewa da wuri suka maye gurbinsu, kifi ya ragu, makiyaya suka watse neman wani wurin, mariya ta yi ƙaranci a Waza, giwaye suka riƙa fita daga gandun suna faɗa wa gonaki. Ƙungiyar IUCN ta ƙiyasta daga baya cewa asarar ta haura dala miliyan 2 a kowace shekara. Ba wanda ya saci ruwan kowa a cikin wannan labari. An dai hana shi wucewa, kuma waɗanda abin ya faɗa wa ba sa cikin littafin lissafin kamfanin.

Tantanin da nake magana a kai, in ka riƙe shi a hannu, sai ka ce ledar ɗaure kaya ce, garai-garai, mai ɗan santsi. Ko mai kaurin da aka saba amfani da shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, wanda ake sa wa motoci masu amfani da haidurojin kuwa ya fi gashin kai siranta. Wanda ya fi shahara shi ne Nafion, wanda Walther Grot ya haɗa a kamfanin DuPont na Amurka a ƙarshen shekarun 1960. Ƙashin bayansa ɗan'uwan Teflon ne, abin nan da ake shafe kasko da shi don kada abinci ya kama, kuma ba ya shiri da ruwa sam. Amma a jikin ƙashin bayan akwai ƙananan rassa, kowanne da kan asid a ƙarshensa, su kuwa ruwa suke so. In aka jiƙa tantanin sai kawunan nan su taru su yi wasu hanyoyin ruwa ƙanana ƙwarai, waɗanda ko madubin likita ba ya gani, bangayensu ɗauke da caji iri ɗaya wanda ba ya motsi. Ƙwayar haidurojin da ta rabu da ilektron ɗinta, wadda ake kira furoton, tana ɗauke da kishiyar wannan caji, saboda haka tana wucewa, tana tsalle daga ƙwayar ruwa zuwa ta gaba kamar yadda Grotthuss ya hasasho tun 1806. Ilektron kuwa ba shi da hanya, dole ya zagaya ta waya, kuma wannan zagayen nasa shi ne lantarkin da ake mora. Iskar gas ma an tare ta. A na'urar tsaga ruwa ana ba da wuta, ruwa ya rabu, oksijin ya fita ta wannan gefe, haidurojin ta wancan. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin ruwa kilo 9 da wuta wajen kilowat-awa 50 zuwa 55. In aka juya aikin, aka ba da iskokin biyu, sai a sami wuta da ruwa, kamar yadda aka yi a kumbon Gemini na Amurka a 1965 da wani tantani da ya girmi Nafion. Da tantanin zai tare komai, da na'urar ta zama gawa, ko ƙwan fitila ba za ta kunna ba. Da kuma zai saki komai, da iskokin biyu sun gauraya sun kama da wuta. Amfaninsa gaba ɗaya yana cikin zaɓen da yake yi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa har yau ba a yi tantanin da zaɓensa ya cika ba, kuma masu aikin ba sa ɓoye haka. Komai kyansa, ɗan haidurojin kan sulale ya tsallaka wajen oksijin. In ya kai wajen kashi 4 cikin ɗari garwayen na iya fashewa, shi ya sa ake sa ma'auni ya kashe na'urar tun yana kusan kashi 2. Mai neman kwanciyar hankali zai ce a ƙara kauri mana, a huta. Ana iya ƙarawa, kuma sulalewar za ta ragu, amma furoton ma zai sha wuyar wucewa, kuma wannan wuyar tana komawa zafi: wutar da ka saya da kuɗinka ta tafi a ɗumama ƙarfe. Don haka na'urar tsaga ruwa, wadda ke tara haidurojin da matsi mai ƙarfi a gefe guda, ake ba ta tantani mai kauri, ta mota kuma a ba ta siriri. Kowacce gwargwadon haɗarin da ke gabanta. Injiniya ba shi da damar cewa na toshe na huta, domin kuɗin toshewar yana fitowa a mitarsa kowace awa. Bambancinsa da wanda ya gina jingar Maga ke nan. Shi ma wancan ya ƙara kauri, amma zafin bai fito a mitarsa ba, ya fito a haƙarƙarin saniyar wani can nesa a fadama. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A harkar hani kuwa wani ke ɗebowa, bakin wani ke ƙuna, kuma wannan ne ya sa mai hani yake jin kamar bai yi komai ba.

Malamanmu na da sun san wannan lissafi tun ba a san lantarki ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Garwa da Marwa kamar yadda ake karanta shi a Kano da Sakkwato, ya shahara da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wato a hana abin da shi kansa halal ne idan ya zama hanya zuwa haram. Sai dai da yawa rabin ƙa'idar suka haddace. Shihabuddin Alƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya kasa irin waɗannan hanyoyi kashi uku a littafinsa Alfuruƙ. Akwai waɗanda al'umma ta haɗu a kan toshe su, kamar haƙa rijiya a tsakiyar hanyar da mutane ke bi, ko zagin gumaka a gaban wanda aka san zai rama da zagin Allah. Akwai waɗanda ta haɗu a kan barin su a buɗe duk da an san ɓarna na iya bi ta cikinsu: ba wanda ya taɓa haramta noman inabi don tsoron giya, ko gina gidaje maƙwabtan juna don tsoron zina. Na uku su ne inda aka yi saɓani, kamar wasu cinikayya na bashi. Ya ƙara da cewa yadda ake wajabta toshe wata hanya haka ake wajabta buɗe wata, domin hanyar wajibi ita ma wajibi ce, kamar tafiya masallacin Juma'a. Shaɗibi na Andalus, wanda ya rasu a 1388, ya auna abin da ma'aunin yawan aukuwa: ɓarnar tabbas ce, ko galibi ce, ko jefi-jefi. Wannan fa shi ne lissafin kaurin tantani da wasu kalmomi. Alƙur'ani kansa, a aya ta 116 ta Suratun Nahli, ya haɗa mai halattawa da ƙarya da mai haramtawa da ƙarya a zargi ɗaya, bai sassauta wa na biyun don ya fi kama da mai taƙawa ba.

A kan ruwa kuwa hukuncin ya fi haka fitowa fili. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo hukuncin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da ruwan kwari biyu na Madina, Mahzur da Muzainib: wanda gonarsa ke sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Ba a ce wa na sama kada ya datse ba, domin dabinonsa na da haƙƙi. Ba a kuma ce masa ruwan da ya fara isowa gare shi nasa ne har abada ba. An ba shi datsiya mai awo. Abin da aka yi a fadamar Logon a 1994 kusan wannan hukuncin ne aka aiwatar bayan jinkirin shekara goma sha biyar. Wani shiri na IUCN da gwamnatin Kamaru ya fasa jingar gaɓar kogi a bakin wani rafi da ake kira Petit Goroma, ruwa ya sake rufe fili wajen murabba'in kilomita 200, aka kuma ƙara buɗe wata kafar a 1997. Sannu a hankali ciyayi masu saiwa suka fara dawowa, kifi da tsuntsayen ruwa suka biyo, makiyaya suka komo. Shinkafa kuwa ba ta mutu ba. Ma'ana, wani ɓangare na ruwan da aka tare duk tsawon shekarun nan shinkafa ba ta taɓa bukatarsa ba. An tare shi ne kawai don jinga mai ɗorewa ba kafa ta fi sauƙin zanawa a takarda.

Mai karatu mai lura zai ce an yi ƙiyasi da abin da ba a ƙiyasi da shi. Roba ba ta da niyya, furoton ba ya zunubi, kuma iyakokin Allah ba injiniya ya gwada su a ɗakin bincike ba. Akwai haramcin da ba a yi masa kafa ko ta allura: shirka, kisan kai, zina, cin dukiyar maraya. Alƙur'ani ma ya yabi bango marar kafa, wanda Zulƙarnaini ya gina da ƙarfe da narkakken tagulla. Na yarda da wannan gaba ɗaya, kuma ban kawo tantani don ya zama dalilin shari'a ba. Ba na cikin masu neman kowace sabuwar na'ura a cikin wata aya. Na kawo shi ne don shi ne wurin da kuɗin hani ke bayyana a lamba, ba a iya musunsa. Magana ta kuma ba a kan abin da Allah ya haramta da nassi take ba. Tana kan faɗin filin nan da mutum ke hana mutum da hujjar tsoron abin da zai iya biyowa: karatun 'ya mace, allurar rigakafi, sana'ar da ba a saba gani ba, hanyar shanu, ruwan rafi. A wannan fili hanin ijtihadi ne na ɗan Adam, yana iya dacewa yana iya kuskure, kuma in ya yi kuskure wani ne ya kwana da yunwa. Bangon Zulƙarnaini ma in aka duba, mutanen da ake cuta ne suka roƙa a gina shi, a kan waɗanda ɓarnarsu tabbas ce. Yana cikin kashin farko na Alƙarafi. Tantani shi ma yana da abin da yake tarewa ba sassauci, wato ilektron, domin in ya wuce aikin duka ya rushe. Gwaninta ita ce sanin wane ne ilektron wane ne furoton, kuma wanda ya tare su duka bai nuna gwanintar komai ba.

Ƙalubale na biyu ya fi wannan nauyi, domin daga cikin gida ya fito. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya kwatanta mai kutsawa cikin shubuha da makiyayin da ke kiwo a gefen makiyayar sarki, wanda ya kusa ya faɗa ciki, kuma duk Bafulatanin da ya taɓa kiwo a bakin gandun Waza ya san gaskiyar wannan. Rigakafi ya fi magani. Har ila yau shi Malik ɗin da ya ruwaito yadda Sayyidina Umar ya tilasta wa Muhammadu ɗan Maslama ya bar Dahhaku ɗan Halifa ya ratsa da magudanar ruwa ta gonarsa, an ruwaito cewa bai ga a yi hukunci da haka a zamaninsa ba. To ashe limamin mazhaba da kansa ya zaɓi toshewa? Ya zaɓa, amma a dubi yadda ya yi. Ya faɗi dalilinsa: mutane sun lalace, yana tsoron in zamani ya yi tsawo mai magudanar ya wayi gari yana da'awar gonar. Ya ambaci ɓarnar da sunanta, ya danganta ta da halin zamani, wanda ke nufin in halin ya sauya hukuncin na iya sauyawa. Wannan hani ne mai lissafi, irin na wanda ya ƙara kaurin tantani don ya ga matsi ya ƙaru. Hadisin makiyayi kuwa nasiha ce ga mutum a kan kansa. Kowa yana da ikon ya nisanta garkensa daga iyaka iyakar son ransa, tunda shanunsa ne za su rame. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya mai da tsantseninsa doka a kan garken wani, sa'an nan ya ƙi ƙirga ramar. Malaman usulu sun daɗe da raba tsantseni da fatawa saboda wannan dalili.

Mutumin Maga ko Pus da gidansa ke ƙarƙashin jinga yana da tasa maganar, kuma ba ta littafi ba ce. A damina ta 2012 ruwa ya ci jingogin yankin, dubban mutane suka bar gidajensu, aka shiga fargabar madatsar kanta za ta ɓalle, har Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 108 a shekarar da ta biyo don gyara. Wanda ya kwana yana sauraren ƙarar ruwa a bayan ganuwar ƙasa ba ya son jin falsafar kafa. So yake a ƙara tudu. Yana da gaskiya a kan tudun. Amma haɗarin na 2012 bai zo daga yawan kafofi ba. Tafkin ya karɓi ruwa fiye da yadda yake iya fitarwa, ga kuma Mayo Vrick, hanyar da aka tanada don rage shi, ta cushe da laka da ciyayi. Ruwan da aka tare bai daina zama ruwa ba, yana nan yana jiran ranar fita, kuma in ba a ba shi ƙofa da awo ba zai yi wa kansa ƙofa ba awo. A shekarar nan dai aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo da ke kudu da Garwa, ruwan ya haɗu da na sama mai yawa ya bi Binuwai, Adamawa da Taraba da Kogi suka ɗanɗana kuɗarsu. Saki ba awo zalunci ne kamar yadda tarewa ba awo take, kuma sau da yawa na biyun ne ke haifar da na farkon.

Akwai wani darasi a tarihin batirin tanki da ya dace da nan. Irin wannan batiri ruwan sinadari biyu ne a tankuna biyu, famfo na zagayawa da su ta gefe biyu na tantani, kuma in kana son ƙarin ajiya sai ka ƙara girman tanki. Wanda hukumar NASA ta gwada a shekarun 1970 yana da ƙarfe a gefe guda da kuromiyam a ɗayan, kuma abin da ya dame shi shi ne sulalewa: kowane ya tsallaka ya gurɓata ɗan'uwansa, ƙarfin batirin ya yi ta raguwa. Maria Skyllas-Kazacos da abokan aikinta a Jami'ar New South Wales ta Ostireliya, a shekarun 1980, ba su tsaya jiran tantani marar aibi ba. Sun sa sinadari ɗaya, banadiyam, a gefe biyun, kowane gefe da nasa matakin caji. In ya tsallaka an yi ɗan asara, amma ba a gurɓata komai ba. A gauraya tankunan a sake caji, ya koma yadda yake. A kan wannan dabara aka gina tashar Dalian ta Sin, mai megawat 100 da ajiyar megawat-awa 400, wadda aka haɗa da layin wuta a 2022. Tsari ne da ya san za a ƙetare iyaka ya kuma tanadi hanyar gyara, kuma wanda ya karanta babin kaffara da ramuwa da sujadar rafkanwa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Maganar ba ta yi nisa da Arewacin Kamaru ba kuwa. Garwa da Marwa da Ngaundere sun dogara da Lagdo mai megawat 72 tun farkon shekarun 1980, in tafkin ya ja baya sai a shiga ɗauke wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da megawat 36 a haɗe, sun rage raɗaɗin, amma ajiyar batirinsu ba ta ɗaukar dare. Duk ranar da aka zo neman ajiyar sa'o'i masu yawa, batirin tanki na cikin abin da za a ɗora a tebur, tare da aibinsa: ruwan banadiyam na yau da kullum ba ya son zafin da ya wuce digiri 40, wanda a Maga cikin Maris da Afrilu ba abin mamaki ba ne.

Kada kuma a ɗauka tantanin kansa ya fita daga wannan hisabi. Abin da ya ba Nafion juriyar zama cikin asid shekara da shekaru, wato ƙarfin haɗin kabon da fulorin, shi ne ya sa danginsa na sinadarai ba sa ruɓewa in sun shiga ruwa ko jini. Garuruwan da ke ƙasa da wasu masana'antun fulorin a Amurka da Turai sun sha ruwan da ya gurɓata da su shekaru ba su sani ba, kuma a 2023 ƙasashe biyar, Jamus da Holan da Denmak da Norwe da Suwidin, suka gabatar wa Tarayyar Turai da shawarar taƙaita wannan dangi baki ɗaya. Sai ga muhawarar Alƙarafi ta dawo da rigar zamani. Masu son hanin bai ɗaya suna cewa in aka tsaya tantance sinadarai dubbai ɗaya bayan ɗaya, masana'antu za su riƙa sauya suna suna ci gaba da ɓarna. Masu tantani suna cewa irin wannan tantanin ne ya raba masana'antun kulorin da zaibar da ke kashe kifi da mutane, kuma shi ake jira ya rage hayaƙin da ke dagula damina a wurare irin su tafkin Chadi. Dukansu suna nuna wani na ƙasa da zai cutu. Ana ta aikin tantanin da ba fulorin a cikinsa, da wani iri mai ratsar da kishiyar caji wanda zai ba da damar amfani da nikel da ƙarfe maimakon iridiyam mai tsada, amma ƙarkonsu bai kamo na Nafion ba tukuna. A ra'ayina wannan inabi ne, a tsaurara wa masana'antar da ke zubar da dagwalo, a tilasta tattara tsohon tantani, a bar ƙofar zuwa lokacin da madadin zai nuna. Amma wanda ya ce rijiya ce a kan hanya ba zan kira shi jahili ba.

Inda abin ya fi wuya shi ne hannun da ke riƙe da awon. Hani na bai ɗaya ba ya bukatar mai tsaro mai ilimi, wannan ne ma sirrin farin jininsa. Iyaka mai zaɓe kuwa sai da mai aunawa kullum, kuma mai aunawa ana iya saye shi, yana iya yin barci, yana iya zama shi ne mai gonar sama. A na'urar tsaga ruwa an warware wannan da ma'aunin da ba shi da gona. A Maga ƙofofin ruwa suna hannun kamfanin da aka kafa don shinkafa, kuma da buhunan shinkafa ake auna nasararsa. Ba mugunta ba ce in ya fi ganin gonarsa a kan fadamar da ba a tambayarsa a kanta. In kuwa ba a san awo ba, kowa sai ya yi tasa datsiyar. Rikicin da ya ɓarke a yankin Logon-Birni a 2021 tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa, wanda ya kai Kusiri ya kuma kori dubban mutane zuwa Chadi, ya taso ne daga ramukan da masunta suka haƙa don tare ruwa da kifi, shanun makiyaya suna faɗawa ciki. Kowane ɓangare yana kare abincin 'ya'yansa ne a fadamar da ruwanta ya ragu. Hikimar hukuncin Mahzur a nan take: idon sawu awo ne da na sama da na ƙasa duk suke gani, ba sai an kira gwani ba, kuma na ƙasa yana iya zuwa ya tsaya a gonar na sama ya duba. Kamaru da Chadi sun sa wa junansu irin wannan awo tun 1970 a yarjejeniyar Mundu, wadda ta iyakance abin da kowace ƙasa za ta ɗiba daga Logon da rani. Abin da ya rage shi ne irinsa tsakanin shinkafa da fadama: tsayin ruwa sananne a allon awo na bakin tafki, wanda in an kai shi dole a buɗe, a sanar da shi a kasuwar Pus da ta Girbidik da Fulatanci da Musgum da Larabcin Shuwa da Hausa, kuma ardo da sarkin ruwa su sami wurin kai ƙara in ranar ta zo ƙofa tana rufe.